Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Rumbun Bayanai, Rubutun Umarni Da Tarihin Gyara A Nazarin Hausa

A shekarar 1934 aka buga ƙamusun Bargery mai ɗauke da kalmomi kusan 39,000. Fiye da shekaru 90 ke nan, amma wanda ya zaro shi daga kanta a yau zai same shi yadda maɗaba'a ta bar shi, babu kalmar da ta gudu daga shafinta. Ba haka lamarin yake ga kundin digirin da aka buga a kwamfuta shekaru 15 da suka wuce ba. Idan an yi sa'a fayil ɗin ya buɗe, sai a tarar ƙasa ta koma qasa, ɗaya ya koma xaya, ɓangare ya koma vangare, domin salon haruffan da aka yi aikin da shi ba ya cikin sabuwar na'urar. Wannan ma kundin ke nan. Su kuwa bayanan da aka gina kundin a kansu, wato kalmomin da aka tattaro daga maƙera da majema da kasuwa, da hirarrakin da aka naɗa, da baitocin da aka juya daga ajami, galibi sun tafi tare da kwamfutar da aka sace ko filashin da ya daina aiki.

Kula da rumbun bayanai, da rubuta wa kwamfuta umarni, da tsare tarihin gyare-gyare sun zama sashe na hanyoyin bincike a nazarin Hausa, kamar yadda iya karanta ajami ya zama dole ga mai nazarin rubutacciyar waƙa ta ƙarni na 19. Ba aiki ne da za a miƙa wa mai shagon buga takardu na bakin ƙofar jami'a ba. Mai shagon ya iya na'ura, amma ba lallai ne ya damu da abin da ya raba kukan jariri da kukar miya a wajen karin sauti ba, kuma a irin wannan wuri ne bayanan harshe suke lalacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ yana da U+0199, ɗ yana da U+0257, ɓ yana da U+0253, ƴ kuma U+01B4. Tsofaffin salon haruffa na gida, waɗanda suka yi wa Hausa hidima a lokacin da babu wata mafita, riga kawai suka sauya wa haruffan Ingilishi. Ido yana ganin ƙ, amma abin da ke ajiye q ne, ko wata baka ta lissafi. Saboda haka sharaɗin farko shi ne a rubuta komai da ainihin haruffan Unicode, a kuma ajiye shi a tsarin UTF-8. Sai dai wannan bai rufe ƙofa ba. Alamar da ke tsakiyar kalmar ma'ana tana zuwa aƙalla da lambobi uku: miƙaƙƙiya ta madannai, U+0027, lanƙwasasshiya wadda manhajar Word take sauyawa da kanta, U+2019, da wadda aka tanada domin ta zama harafi, U+02BC. A wajen mai karatu kalma ɗaya ce. A wajen na'ura kalmomi uku ne, kuma wanda ya ƙirga yawan fitowar kalmar a matani zai samu adadin da bai kai gaskiya ba, ya kuma gina hujja a kansa. Haka abin yake tsakanin 'y ta rubutun Nijeriya da ƴ ta rubutun Nijar. Alamomin karin sauti su ma suna da nasu tarkon: ana iya ajiye à a matsayin lamba ɗaya, ana kuma iya ajiye ta a matsayin a da alamar da aka ɗora mata, lambobi biyu. Unicode ya tanadi hanyar daidaita wannan, wadda aka fi sani da NFC, kuma layi ɗaya na umarni a harshen Python ya isa a ratsa da matani gaba ɗaya ta cikinta. Babu zaɓin da ya fi wani tsarki a cikin waɗannan. Abin da ya wajaba shi ne a zaɓi ɗaya tun ranar farko, a rubuta zaɓin a wani ɗan fayil na bayani da zai zauna tare da aikin, a kuma tilasta shi a kan duk abin da zai shiga rumbun.

Mafi yawan manazarta a Excel suke tara kalmominsu, kuma ba laifi ba ne a fara daga nan. Amma Excel manhajar lissafi ce, tana da ɗabi'ar yi wa mai ita karambani. Idan aka fara rubutu a wani gida da miƙaƙƙiyar alamar nan, sai ta ɗauke ta a matsayin umarni cewa abin da ke biye rubutu ne ba lamba ba, ta haɗiye ta. Ta haka 'ya'ya ke komawa ya'ya, 'yan kasuwa su koma yan kasuwa. Idan kuma aka buɗe fayil ɗin CSV da aka ajiye a UTF-8 ba ta hanyar da ta dace ba, sai ƙasa ta fito a matsayin Æ™asa, wanda bai sani ba ya danna ajiyewa, ɓarnar ta zauna. Masana ƙwayoyin gado sun ɗanɗana irin wannan: wani nazari na shekarar 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗa jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna ɗauke da sunayen da manhajar ta mayar kwanan wata ko lambobi. Abin ya kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya sauya wa wasu suna, SEPT1 ta koma SEPTIN1, domin kada a riƙa mayar da ita 1 ga Satumba. A wannan shekarar ce kuma hukumar lafiya ta Ingila ta bar sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 a baya, saboda tsohon tsarin fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ba ya wuce layi 65,536.

Da zarar kalmomi sun kai 'yan dubbai, ko masu aikin sun wuce mutum ɗaya, lokacin ƙaura zuwa rumbu na gaskiya ya yi. Tunanin da aka gina irin waɗannan rumbuna a kansa ya fito ne daga maƙalar da E. F. Codd na kamfanin IBM ya buga a 1970, kuma jigonsa mai sauƙi ne: kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran wurare su yi nuni gare ta. Ga mai haɗa ƙamus, ma'anar wannan ita ce jadawali ɗaya na kalmomi, wani na ma'anoni, wani na misalai, wani na majiyoyi. Idan an yi kuskure a shekarar buga wani littafi, a wuri ɗaya za a gyara, ba a layi 400 ba. Ba a buƙatar babbar na'ura domin wannan. SQLite, wadda ta fito a shekarar 2000, kyauta ce, rumbun gaba ɗaya fayil ɗaya ne, kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya ta cikin tsare-tsaren da yake ba da shawarar a adana bayanai da su. Sai aikin ya zama na mutane da yawa da suke rubutu a lokaci guda ne ake buƙatar irin su PostgreSQL.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne a mayar da kalmar kanta ta zama shaidar da ake gane layi da ita. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka garin Kano da garin masara rubutu ɗaya ne. Kowace kalma tana buƙatar lambar shaida tata wadda ba ta da wata ma'ana kuma ba ta sauyawa, sannan a raba mata gidaje: rubutun daidaitacciyar Hausa, rubutu mai alamun sauti, yadda mai maganar ya furta ta a karin harshensa, da inda aka samo ta. Gida na uku shi ne wanda ake yawan zalunta. Ɗalibi ya ji Basakkwace ya faɗi kalma, sai ya gyara masa ita zuwa Kananci tun kafin ta shiga rumbu, alhali abin da ya goge shi ne ainihin abin da ya je nema. Kada kuma a ajiye bayani a launi. Layin da aka shafa wa ja da nufin cewa ana shakkarsa zai rasa jansa ranar da aka fitar da shi zuwa wani tsari. Shakka ma gidanta take buƙata.

Sai batun jerantawa, wanda ya fi kowane nuna cewa aikin na masanin harshe ne. Idan aka bar SQLite ta jera kalmomi yadda ta saba, lambobin haruffa take bi, sai ƙ da ɓ da ɗ su faɗo bayan z, ƙ ma ya riga ɓ. Umarninta na mayar da babban baƙi ƙarami kuwa haruffan Ingilishi kawai ya sani, don haka Ƙasa da ƙasa ba sa haɗuwa a bincike. MySQL tana da akasin wannan matsala: tsarin kwatanta haruffa da take zuwa da shi tun daga zubi na 8 ba ya bambanta a da à. Idan aka shar'anta cewa kada kalma mai alamun sauti ta maimaitu, rumbun zai iya ƙin karɓar kalma ta biyu, ya ce ai an riga an shigar da ita, alhali su biyun ne suke nuna bambancin da ake nazari. Ma'ajiyar ƙa'idojin harsuna ta Unicode, CLDR, tana da jerin Hausa wanda ya sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, kuma PostgreSQL tana iya aiki da irin waɗannan ƙa'idoji tun zubi na 10 a 2017. Amma ko sh zai tsaya a matsayin harafi mai zaman kansa ko zai shiga ƙarƙashin s, wannan hukunci ne na mai ƙamus, bai kamata a bar wa manhaja shi ba. Hanya mafi aminci ita ce a keɓe wani gida na musamman wanda umarni zai cika da mabuɗin jerantawa bisa tsarin da mai aikin ya zaɓa.

Rubutun umarni ba wani abu ba ne illa a rubuta matakan aiki a fayil domin na'ura ta bi, maimakon a yi su da hannu. Fa'idarsa ba sauri kawai ba ce. Gyaran hannu ba ya barin sawu. Wanda ya shafe dare yana nemo wannan yana musanyawa da wancan ba zai iya faɗa bayan wata shida me ya taɓa ba. Umarni kuwa ana karanta shi, mai duba kundi zai iya bin sa layi-layi, a kuma sake gudanar da shi idan sababbin bayanai sun zo. Sai dai na'ura ba ta tambaya. Idan aka ce ta mayar da kowane v zuwa ɓ, kowane x zuwa ɗ, za ta yi har cikin manazarta, shi ya sa ake cin karo da Uniɓersity da Oɗford a ƙarshen wasu maƙalun Hausa da ke intanet. Umarnin kirki yana tafiya da jerin kalmomin da ba za a taɓa ba, yana kuma fitar da rahoton duk abin da ya sauya domin mutum ya duba da idonsa.

Ka'idar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce ɗanyen fayil ba a taɓa shi. Abin da aka kawo daga fage, da kurakuransa da komai, a kulle shi a jakar da karantawa kawai ake yi. Umarni ya karanta daga can, ya rubuta sakamako a wani wuri. Idan daga baya aka gane cewa wata ƙa'idar tsaftacewa ta yi ɓarna, sai a gyara ƙa'idar a sake gudanarwa. A gwada kowane sabon umarni a kan layi 50 tukuna, a kuma ƙirga layuka kafin aiki da bayansa, domin layi 12,000 da ya koma 11,940 yana ba da labari.

Abin da ya faru a Jami'ar Kyoto ta Japan ya isa darasi. Tsakanin 14 da 16 ga Disamban 2021, babbar kwamfutar jami'ar ta yi asarar kimanin terabayit 77, fayiloli kusan miliyan 34 na rukunin masu bincike 14, wasu kuma ba a iya dawo da su ba. Umarnin da ya yi ɓarnar na tsarin ajiyar kwafi ne, an rubuta shi domin ya share tsofaffin rahotannin da suka wuce kwana 10. Kamfanin da ke kula da na'urar ya ɗora sabon zubin umarnin a kan tsohon alhali tsohon yana cikin aiki. Harshen bash yana karanta umarni ne yana tafiya, sai ya ci gaba daga tsakiyar sabon fayil, inda sunan jakar da za a share bai riga ya samu ƙima ba, sai sharar ta faɗa kan ayyukan mutane. Ba a gyara umarni yana gudana. Kuma akwai ɗan layi, set -eu, wanda idan aka sa shi a farkon umarnin bash yake tsayar da aiki da zarar an ambaci sunan da ba a fayyace ba ko wani mataki ya gaza. Duk umarnin da zai share wani abu ya kamata ya fara da nuna jerin abin da zai share, ya jira amincewa.

A cikin rumbun ma haka ne. Umarnin UPDATE ko DELETE da aka manta ba a sa masa sharaɗin WHERE ba yana aukawa kan kowane layi na jadawalin. Masu wannan sana'a sukan fara rubuta sharaɗin da SELECT su ga layukan da zai kama, sannan su buɗe aikin da BEGIN, su yi gyaran, su duba adadin layukan da abin ya shafa. Idan ya yi daidai su rufe da COMMIT, idan bai yi ba su janye da ROLLBACK, rumbun ya koma yadda yake. Hausa kuma tana da wata rigima ta musamman da harshen SQL, domin miƙaƙƙiyar alamar nan ita ce SQL take buɗe magana da rufe ta da ita. Umarnin da yake liƙa kalma kai tsaye a cikin jimlar SQL zai yi aiki lafiya a kan gida da doki, ya karye a kan jama'a da sana'a. Magani shi ne a bar gurbi a jimlar, a miƙa kalmar daban, kowane harshen umarni yana da hanyar yin haka. Wannan kafar ce kuma ɓarayin intanet suke bi su shiga rumbunan da aka ɗora a yanar gizo, don haka toshe ta riba biyu ce. Ɗaliban da aikinsu dubawa ne kawai a ba su izinin karantawa kawai, kada kuma kalmar sirri ta kwana a cikin fayil ɗin umarni.

Masu kwafar littattafai a ƙasar Hausa sun san darajar sanin wa ya rubuta me. Sau da yawa mai kwafi yakan rufe aikinsa da sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama, kuma ana muƙabalar kwafi da asali kafin a amince da shi. Jakar da ta cika da fayiloli masu suna kundi, kundi sabo, kundi na ƙarshe, kundi na ƙarshe gyararre, ta kasa wannan mizani nesa ba kusa ba. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin aikin Linux, shi ne ya zama kayan aikin da duniya ta fi amfani da shi wajen warware wannan. Duk lokacin da aka kammala wani mataki sai a hatimce shi da commit, Git ya ajiye abin da ya sauya, da wanda ya sauya shi, da lokaci, da dalili, ya kuma ba matakin lambar da aka ciro daga abin da ke cikinsa, ta yadda ba a iya sauya tarihi a ɓoye. Umarnin diff shi ne muƙabalar, yana nuna bambancin jiya da yau. Log kuma yana jero matakan tun daga farko. Waɗannan da wasu uku ko huɗu sun isa aikin shekara.

Mutane da yawa suna ɗaukar Git da GitHub abu ɗaya ne. GitHub kamfani ne da ke ajiye wa mutane kwafi a intanet, Microsoft ta saye shi a 2018. Git kuwa a kwamfutar mutum yake zaune da tarihin aikin gaba ɗaya, ba ya neman intanet. Wanda yake tattara bayanai a ƙauyen da babu sabis zai ci gaba da hatimce matakansa, in ya dawo gari ya tura. Akwai ma umarnin bundle da ke ɗaure tarihin a fayil ɗaya a ba abokin aiki ta filashi. Amfaninsa ya dogara ga abubuwa biyu. Na farko shi ne dalilin da ake rubutawa. Kalmar gyara kaɗai ba ta gaya wa kowa komai ba. A rubuta cewa an mayar da ƴ zuwa 'y a fayilolin Damagaram domin su dace da sauran, kuma kada a cusa wani gyara daban a wannan matakin. Na biyu shi ne irin fayil ɗin. Git yana ganin cikin tsurar rubutu ne kawai. Fayilolin Toolbox da na ELAN da na Praat da CSV duk tsurar rubutu ne, suna zama lafiya a cikinsa, musamman idan an sa kowace jimla ko kowane ɗango a layinsa. Fayil ɗin Word ko na SQLite kuwa ƙunshi ne a wajensa: zai ajiye, amma ba zai nuna abin da ya sauya ba. Saboda haka abin da ake sa wa Git shi ne umarnin da ke gina jadawalai, da umarnin tsaftacewa, da kwafin bayanan da aka fitar a tsurar rubutu. Wanda yake son ya gwada wata sabuwar hanyar raba kalmomi sai ya buɗe reshe, in ta yi a haɗe, in ba ta yi ba a bar ta a can. Zubin da aka dogara da shi a wata maƙala kuma a liƙa masa suna. Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN take gudanarwa, tana ba irin wannan zubi lambar DOI ta dindindin da za a iya ambata a manazarta.

Git yana da iyaka, har da haɗari. Bai dace da manyan naɗe-naɗen sauti da bidiyo ba. GitHub ma ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce megabayit 100 ta hanyar da aka saba. Haɗarin kuwa shi ne ba ya mantuwa. Idan sunan matar da aka yi hira da ita a kan al'amuran aure, ko lambar wayar wani ɗan bori, ta shiga wani mataki, gogewa a mataki na gaba ba ta fitar da ita daga tarihi ba. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma tun kafin doka akwai amanar wanda ya buɗe baki ya yi magana. Sunayen masu ba da bayani su zauna a wani fayil daban da ba ya shiga Git, a cikin aikin kuma lamba ta wakilce su.

Tarihin gyara kuma ba ya maye gurbin kwafin ko-ta-kwana. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbu na biyu, sai ya share jakar babban rumbun bisa kuskure, kimanin gigabayit 300 suka tafi kafin ya tsayar. Kamfanin yana da hanyoyin ajiyar kwafi har biyar a rubuce. Da aka waiwaye su, sai aka tarar babu wadda take aiki yadda ake zato. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana gazawa saboda zubin manhajar da ke ɗaukar kwafin ya girme wa zubin rumbun, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin ɓarnar. Duk abin da aka shigar a tsakanin, ciki har da ayyuka kusan 5,000, ya tafi. Waɗannan ƙwararru ne da adana aikin mutane shi ne abincinsu. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba zato ne kawai. Ƙa'idar da aka saba ambata ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Sharaɗin wuri daban ba ƙari ba ne: gobarar da ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa a Rio de Janeiro ranar 2 ga Satumban 2018 ta haɗa da taskar harsunan 'yan asalin Brazil, da naɗe-naɗen da ke cikinta. Filashin da yake kwana a jaka ɗaya da kwamfuta ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Sau ɗaya a kowane zangon karatu a ɗauko kwafin, a buɗe shi a wata na'ura, a ƙirga layuka, a nemi kalma mai ƙ a ga ko ta fito da lanƙwasarta.

Za a ce malamin da yake koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yake duba kundaye, yake fama da rashin wuta, ina zai samu lokacin koyon wannan? Ƙorafin yana da tushe, kuma ba kowane bincike ne yake buƙatar rumbu ba. Mai sharhin waƙa ɗaya fayil ɗin rubutu da kwafi uku sun ishe shi. Amma kayan aikin da aka ambata duk kyauta ne, suna gudana a tsohuwar kwamfuta, kuma abin da ake buƙata daga cikinsu bai kai wahalar koyon li'irabin jimla ba. Ban da haka, aikin tattara Hausa domin na'ura ba ya jiran kowa. MasakhaNER na 2021 da NaijaSenti na 2022 duk sun ƙunshi Hausa, duk suna GitHub inda kowa zai ɗauka, kuma masana kwamfuta ne suka jagorance su. Sun yi abin yabo da abin da ya samu, wato labaran kafafen watsa labarai da saƙonnin Twitter. Hausar maƙera da ta masunta, da karin harshen Gobir da na Guddiri, da waƙoƙin fada da aka juya a rubuce, suna sassan Hausa na jami'o'i, a cikin kundayen da na'ura ba ta iya karantawa, da haruffan da suke rikiɗewa idan an buɗe su.

Gyaran yana hannun hukumomin sassa da editocin mujallu. Darasin hanyoyin bincike na digiri na biyu zai iya ɗaukar makonni uku ko huɗu na wannan aiki ba tare da an ƙirƙiro sabon kwas ba, a gayyato malami daga sashen kwamfuta ya koyar tare da malamin harshe, a kan bayanan Hausa na gaske. Mujalla za ta iya ƙin karɓar maƙalar da ba a rubuta da haruffan Unicode ba. Duk kundin da ya dogara da ƙirga ko jerin kalmomi kuwa, a miƙa shi tare da ɗanyun bayanansa da umarninsa da ɗan fayil ɗin da ya bayyana zaɓin haruffa, sashe ya ajiye kwafi biyu a gine-gine biyu. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya nemi a buɗe rumbun a kwamfutar da ba ta ɗalibin ba, a gudanar da umarnin a gabansa, a ga ko adadin da ke jadawalin babi na huɗu zai sake fitowa.